Akori-kurar Modibbo da Ta Ƙi Mutuwa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi. Labarin yau yana da nauyi. Ku daure ku karanta har ƙarshe.

Akwai wani mai wayarin mota a garin Dutse, sunansa Tijjani. Kaf layin makanikai babu wanda bai san shi ba. Motar da ta gagari kowa, in dai aka ce matsalar wuta ce, wurinsa ake turo ta. Allah ya ba shi hannu, wannan babu mai musu.

Sai dai shi ma ya san Allah ya ba shi, sanin har ya yi masa yawa. Akwai maganar da ba ta rabuwa da bakinsa: "Ni aikina ba ya dawowa."

Asalinsa ɗan Ringim ne. Mahaifiyarsu ta rasu ko yaye shi ba a yi ba, sai yayarsa Aisa ta ɗauke shi. Ita ta goya shi, ita ta yi masa wanka da wanki, ita ta yi jinyarsa lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da shi. Da aka yi mata aure ta ce ba inda za ta ba tare da ƙaninta ba. Haka aka kai amarya wani ƙauye kusa da Kiyawa, Tijjani na riƙe da gefen zanenta.

Mijinta Modibbo Bafulatani ne mai sanyin hali, maganarsa ba ta da yawa. Da shanun gidansu suka ragu, sai ya sayi wata tsohuwar akori-kura. Da ita yake bi rugage yana kwaso nono, da ita yake kai wa mutane hatsi da awaki kasuwar Shuwarin. Modibbo bai taɓa nuna wa Tijjani cewa ba shi ya haife shi ba. Da ya tasa, shi ya kama hannunsa ya kai shi Dutse koyon sana'a.

Shekaru suka ja, Tijjani ya zama oga mai rumfar kansa. Manyan ma'aikatan sakatariya da 'yan kwangila suka zama su ne masu kawo masa aiki. Tsakanin Dutse da Kiyawa ba wata tafiya ba ce, amma sai a yi wata da watanni bai leƙa ba. Aisa ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Duk sanda Modibbo zai shigo gari, sai ta ba shi man shanu ko dakakkiyar kuka ta ce a kai wa auta.

A farkon wata damina, akori-kurar ta daina cajin batir. Kullum da safe sai an tara mutane an tura. Modibbo ya lallaɓo da ita wurin Tijjani.

Tijjani ya ɗaga bonet, ya ɗan gwada, ya ce, "Yaya Modibbo, altanato ne ya ƙone. Shi ne mai yi wa batir caji in mota tana tafiya. Sai an sa wani."

Aka samo wani na hannu, ɗan Beljiyam, mai kyau. Sai dai bakin da ake jona masa waya bai yi daidai da na tsohon ba. Akwai wata siririyar waya da ke fita daga jikin altanato. Ƙa'idarta ta bi ta jan ƙwan nan na gaban direba, mai nuna caji, kafin ta isa makunnin mota. Tijjani ya duba ya ga ƙwan ya daɗe da mutuwa, wayarsa ma ɓera ya cinye ta a can ciki. Gyara ta sai an kwance gaban motar.

A gefe guda kuma ga wata baƙar jif, mai ita yana tsaye yana ta kallon agogo.

Sai Tijjani ya yanke hanya. Ya jawo siririyar wayar, ya fere bakinta, ya murɗe ta a jikin wayar da ke kai wuta ga kwayil, abin da ke ba inji tartsatsin wuta, ya naɗe da baƙin salatif. Ya tayar da mota, ya auna, caji ya kawo.

"Shi ke nan, Yaya. Kada ka kashe ta, bar ta ta cika batir a hanya. Ka gaida Yaya Aisa."

Kafin Modibbo ya gama godiya, Tijjani ya riga ya sa kai a cikin jif.

Modibbo ya isa gida, ya shiga da motar filin da yake ajiye ta kusa da katanga. Ya murɗa makulli, inji bai mutu ba. Ya sake murɗawa, ya zare makullin gaba ɗaya ya riƙe a hannu. Mota na ta ruri abinta.

Aisa ta fito tana dariya. "Ikon Allah! Ga makulli a hannunka, ita kuma tana ta surutu ita kaɗai?"

Modibbo ya kira Tijjani a waya ya gaya masa.

"Suwic ne, wato makunnin, ya tsufa," in ji Tijjani, ko tunani bai tsaya yi ba. "Sa ta a giya, ka take birki sosai, ka saki kuloci a hankali. Za ta shaƙe ta mutu. In ka shigo gari na duba."

Modibbo ya yi yadda aka ce. Motar ta yi tsalle kaɗan, ta girgiza, ta mutu. Daga ranar, haka ya koma kashe ta.

Da ya samu sarari ya koma Dutse. Ya tarar da rumfar cike da motoci. Ya samu benci a gindin darbejiya ya zauna, tun hantsi har aka kira azahar. Bayan an idar da salla ya matsa kusa, ya yi magana a hankali.

"Tijjani, na ce ko za ka ɗan leƙa ta. Ni dai na lura, tun ranar da aka sa sabon abin nan ta fara wannan hali. Da can ba ta yi."

Akwai mutane a wurin. Wani babban ma'aikaci na zaune a kujera, ga Arzika bakanike, maƙwabcin rumfarsa, yana wanke hannu. Tijjani ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Wato ni na ɓata maka mota ke nan?"

"A'a, ban ce ba."

"Yaya Modibbo, motar nan fa ta kusa ta girme ni. Komai na jikinta ya gaji. Na ce maka suwic ne. Ni aikina ba ya dawowa, tambayi duk wanda ke wurin nan. Ka ga dai aikin da ke gabana. Ka dawo bayan Juma'a."

Modibbo ya dubi ƙasa, ya gyara hularsa.

"To, Allah ya ba ka haƙuri. Allah ya yi albarka."

Da ya tafi, Arzika ya matso ya ce, "Oga Tijjani, da ka duba masa. Mutumin nan tun safe yake zaune."

"In kana da lokaci bi shi ka duba," in ji Tijjani.

Amma maganar Modibbo ta zauna masa a rai. Shi ba baƙon aiki ba ne. Ya san in aka haɗa wayar nan kai tsaye, wutar da altanato ke haifarwa tana iya komowa ta baya ta ci gaba da ciyar da kwayil, ko an kashe makulli. Ya tuna murɗin da ya yi. Zuciyarsa ta gaya masa gaskiya tun a ranar.

Sai ya ce a ransa: ba dai a gaban mutane ba. Ranar da babu aiki zan hau babur in je Kiyawa, in gyara ta shiru, in ce suwic na taɓa.

Bayan Juma'a Modibbo ya dawo, da kwalbar man shanu a leda. Ya tarar Tijjani na shirin shiga motar wani ɗan kwangila, za a kai shi Gumel ya duba wata babbar mota.

"Kash, Yaya, ka zo a kan gaɓa. Ajiye saƙon a ciki. Ni da kaina zan zo gida in same ka."

"Yaushe?"

"Kwanan nan, in sha Allahu."

Asabar ta zo, ranar da yakan samu sarari, sai aiki ya taso. Wata Asabar ta zo, aka yi bikin abokinsa. Wata kuma ya ji gajiya. Modibbo bai sake zuwa ba, bai sake kira ba. Tijjani har daɗi ya ji. Ya ce a ransa ai Modibbo ya saba da motar a haka, ba abin gaggawa ba ne.

Damina ta yi nisa. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Tijjani na kwance ƙarƙashin sitiyarin wata mota, wayarsa ta yi ƙara. Ni'imatullahi ce, babbar 'yar Aisa. Kuka take yi har maganarta ba ta fita.

"Kawu! Kawu, ka zo asibiti! Inna ce. Mota ta matse Inna!"

"Wace mota?"

"Motar Baffa."

Tijjani bai san yadda aka yi ya isa babban asibiti ba. A baranda ya ga Modibbo zaune a ƙasa, babu hula, rigarsa duk taɓo da jini. Ya durƙusa gabansa.

"Yaya, me ya faru?"

Modibbo ya ɗago kai ya dube shi.

"Na dawo daga ruga da nono. Na shigo fili, na tsaya inda na saba. Na sa giya zan kashe ta. Ashe wani ɗan akuya ya shiga tsakanin mota da katanga, yayarka ta sunkuya za ta ɗauke shi. Takalmina duk laka. Ina sakin kuloci, ƙafata ta zame daga birki ta faɗa kan totur."

Ya ci gaba.

"Na ji ƙararta. Na murɗa makulli, Tijjani. Na murɗa, na zare shi. Motar ba ta mutu ba. Tayoyi na ta juyawa a cikin taɓo, tana ƙara danna ta. Kaina ya ɗaure. Kafin in tuna in take kuloci in ja baya..."

Bai ƙarasa ba. Ya kifa kai a gwiwa yana cewa, "Ƙafata ce. Ni na kashe ta da ƙafata."

Tijjani ya ji baranda tana juya masa.

Likitoci suka ce ƙugu ya karye, kuma jini na zuba ta ciki. Suka ce a bari ta ɗan farfaɗo a wuce da ita Kano. Wajen azahar ta buɗe ido, aka bar su suka shiga ɗaya bayan ɗaya.

Da Tijjani ya tsaya a kanta, ta daɗe tana kallonsa. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da ya sunkuya.

"Auta, ka zo?"

"Na zo, Yaya."

"Ka rame. Aikin nan yana hana ka cin abinci."

Hawaye suka ɓalle masa. Ya riƙe hannunta, hannun da ya yi masa komai a duniya. Ya so ya gaya mata gaskiyar maganar wayar, ya kasa.

"Ka ji," in ji ta. "Yayanka yana can yana ɗora wa kansa laifi. Ka gaya masa ƙaddara ce. Yana jin maganarka. Kada ka bar shi shi kaɗai."

"To, Yaya."

Ba a kai ga tafiya Kano ba. Kafin la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Aka kai ta gida, aka yi mata sutura. Tijjani na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe ta. Aka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Mutane suka zo daga Ringim, daga Taura, daga rugagen da Modibbo ke bi. Duk wanda ya ce masa ya yi haƙuri, sai Modibbo ya ce, "Ƙafata ce ta zame." Ba ya cin abinci sai an matsa masa. Tijjani na zaune gefensa yana jin wannan magana tana shiga masa kamar allura.

Babu wanda ya zarge shi. Babu wanda ma ya san akwai abin zargi. Da ya ga dama, da haka maganar za ta tafi har abada.

Da aka share makoki baƙi suka watse, wata safiya Tijjani ya zaga filin. Motar na nan inda aka bar ta, gabanta ya lotsa, katangar ta tsage. Makullin na kan kujera.

Har a lokacin akwai wani ɓangare na zuciyarsa da ke fatan suwic ne. Ya ce bari ya gani da idonsa.

Ya tabbatar ba ta cikin giya, ya sa duwatsu a tayoyi, ya tayar da ita. Ya kashe makulli. Inji ya ci gaba.

Ya sa hannu ƙarƙashin sitiyari ya cire dukan wayoyin da ke bayan suwic, ya riƙe su a hannu. In suwic ne ke riƙe wuta, dole ta mutu yanzu. Ba ta mutu ba.

Ya fito, ya ɗaga bonet. Ya kai hannu bayan altanato, ya kama siririyar wayar, ya zare ta.

Nan take injin ya yi tsit.

Ya bi wayar da yatsa har inda ta ƙare. Ga baƙin salatif ɗinsa. Ya warware shi. Ga murɗin nan, irin nasa, wanda ko cikin dubu zai gane. Ya sulale ya zauna a cikin taɓo.

Ƙarar motar ta fito da Modibbo daga gida. Ya tsaya daga nesa, kamar mai tsoron matsowa.

"Wa ya tayar da ita? Yaya aka yi ta mutu ba tare da giya ba?"

Tijjani ya taso ya zube a gabansa.

"Yaya Modibbo, ba suwic ba ne. Gaskiyarka ce tun farko. Ni na haɗa wayar nan ba daidai ba, ina sauri in koma kan motar wani. Ranar da ka gaya mini a rumfa, na gane. Girman kai ya hana ni in amsa a gaban mutane. Gyaran bai kai a sha shayi a tashi ba. Da makullin nan yana aiki, da kana murɗawa ta tsaya. Ba ƙafarka ba ce. Hannuna ne."

Modibbo ya taka a hankali ya leƙa cikin bonet. Ya daɗe yana kallon 'yar wayar da ko kaurin tsinken tsintsiya ba ta fi ba.

"Wannan ce?"

"Ita ce."

Modibbo ya jingina da motar. Tun ranar da abin ya faru babu wanda ya ga hawayensa, sai a lokacin.

Can ya ce, "Ka san abin da ya sa na daina zuwa wurinka?"

Tijjani ya girgiza kai.

"Da na dawo a karo na ƙarshe, na ce wa yayarka zan kai ta wurin Muntaka mai wayarin nan na Kiyawa. Ya ma ce in kawo da safe. Ta hana ni. Ta ce, me mutane za su ce, ƙanina ne babban mai wayarin Dutse, a ga motar gidanmu a rumfar wani? Za ka zubar masa da mutunci. Na ce to bari in koma in matsa maka. Ta ce a'a, kada ka dame shi, manyan mutane ne a gabansa. Tunda ya ce zai zo, zai zo. Auta bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ya share fuska da hannun riga.

"Duk Asabar sai ta ƙara hannu a tuwo. Ta ce ko yau ne."

Tijjani ya kifa goshinsa a ƙasa yana wani irin kuka da ba a saba jin namiji yana yi ba. Ni'imatullahi ta leƙo daga zaure, ta koma da gudu.

Modibbo ya bar shi har ya yi mai isarsa. Sannan ya sunkuya ya kama kafaɗarsa.

"Tashi. Kwananta ne ya ƙare, wannan babu makawa. Ni na yafe maka, don na san da tana nan abin da za ta ce in yi ke nan. Amma ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ba ta iya kallonka yanzu. Ka koma Dutse. In na samu sauƙi zan neme ka."

Ya juya ya shiga gida.

Modibbo bai sake riƙe sitiyari ba. Ya sayar da akori-kurar, ya koma kiwon 'yan shanun da suka rage masa. Sai da kaka ta wuce sannan ya aika Ni'imatullahi ta kira kawunta a waya. Yanzu Tijjani yana zuwa ƙauyen a kai a kai. Su zauna a tabarma ɗaya, su gaisa, su yi shiru. In zai tafi, yakan tsaya a ƙofar ɗakin yayarsa ya yi sallama a hankali, ko da yake ya san babu mai amsawa.

Darasi: Kuskure ba ya rage darajar mai sana'a, ƙin amsa shi ne ke jawo halaka. In aka dawo maka da aiki, ajiye girman kai ka duba, don ran mutane ne ke hawa abin da hannunka ya haɗa. Kuma kada ka mayar da naka baya saboda ka san za su yi maka haƙuri. Wanda ya fi kowa yi maka uzuri shi ya fi cancanta ka fara saurara, tun yana raye. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raba mu da nadamar da ba ta da magani. Ka tura wa duk wani mai sana'a da direban da ka sani, wataƙila ka zama sanadin tsirar wani rai.